Baiti na Huɗu na Waƙar Kwando

A gefen takardar akwai shatin gindin kofi, zagayayye, ruwan ƙasa, ya ratsa kalmomi uku na amshin. Kaneng ta hango shi ne lokacin da take wucewa da farantin cincin zuwa falo. Takardarta ce, da hannunta ta rubuta, ƙanwarta Celestina kuma ta ɗora shayi a kai.

Ta ajiye farantin a tsakiyar matan, ta koma bakin ƙofar kicin inda ta saba tsayawa.

Kowace Asabar da la'asar matan zumunta na cocinsu suna taruwa a flat ɗin Mama Angelina a Old Trafford, su goma sha ɗaya, wani lokaci sha uku in shift ɗin aiki ya bari. Mama Angelina ce uwar zumunta. Ita ke buga tulu, wanda ta taho da shi daga Jos naɗe cikin bargo, tana dukan bakinsa da faifan soso har ƙarar ta ratsa daɓe, maƙwabcin ƙasa ya riƙa zungurar silin da sandar mopa. Sauran suna da caki da kuge. Celestina ce ke ba da waƙa, su amsa.

Waƙoƙin kuwa, shekara biyu ke nan, Kaneng ce ke tsara su. Amma ba ta cikin zumunta, domin zumunta ta matan aure ce. Haka take a gida, haka aka ɗauko ta aka kawo Manchester ba a rage komai ba. Zanen zumunta, shuɗi mai zanen kurciya, sai mai miji ke ɗaura shi. Celestina ta auri Tomas tana da shekara ashirin da uku, aka ɗaura mata zani a mako na biyu. Kaneng ta girme ta da shekara uku, ta karanta addinai da tarihin mutanen dā a uni, wato jami'a, kuma tana aiki a wani ƙaramin laburare a Rusholme da council, hukumar gari, ta mayar kwana uku a mako. Tun daga nan duk mai son ɗora mata aiki sai ya ce mata, "Tunda kina zaune."

Matan suka kai ƙarshen baiti na uku, suka yi amshi:

"Ruwa, ruwa, tafi a hankali,
akwai mai kallo a cikin iwa."

Tulu ya tsaya. Mama Angelina ta ɗaga kai tana neman Kaneng.

"Ke 'yar boko, ina na huɗu? Mako uku ke nan Musa yana yawo a kogi, ba wanda ya tsamo shi. So kike wani kada ya cinye mana annabi?"

Aka yi dariya.

"Ina kai, Mama."

"Kina kai tun Easter. Saura kwana goma sha huɗu mu tsaya gaban matan Birmingham."

Taron shekara ne, a Perry Barr da ke Birmingham, inda kowace zumunta ke zuwa da sabuwar waƙa. Bara an yi shi a Manchester. Waƙar Kaneng ce ta tashi mutane tsaye, kuma har yau matan Birmingham in sun bugo waya "waƙar Celestina" suke ce mata. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Celestina suka gani riƙe da makirfo, sunanta kuma aka buga a programme.

Kaneng ta goge hannunta a siket. Ta daɗe tana shirya maganar.

"Mama, ko zan iya tsayawa tare da ku a wannan karon? Ko a layin baya ne."

"Da wane zani?"

"Na Celestina biyu ne."

"Zani ba na aro ba ne, 'yata. Kawo mana miji, ko gurgu ne, gobe in ɗaura miki da hannuna."

"Mama, ku ƙyale yayata," in ji Celestina, bakinta cike da cincin. "Professor take jira. Mu da muka yi gaggawa ga mu nan muna wanke safar Tomas."

Aka sake dariya, har wata ta bugi cinya. Celestina ba da mugunta ta faɗa ba, Kaneng ta san haka. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ƙanwarta ba ta taɓa buƙatar mugunta ba. Komai zuwa mata yake da kansa, murya, miji, 'ya, da irin dariyar nan da ke sa tsofaffi su ce a matso kusa da su.

A bas, kan hanyarsu ta komawa, Kaneng ta ce, "Na ga programme ɗin da Scholastica ta aiko wa Mama. An sake sa sunanki."

Scholastica ce sakatariyar zumuntar Birmingham, ita ke shirya taron.

"Programme?" Celestina tana gyara wa 'yarta hula a cikin keken jarirai. "Wa ke karanta shi, Yaya? Fifita ake yi da shi. Ke dai ki zo, ki sa rigar nan taki ja. Kuma ki ba ni baitin nan, don Allah, kada ki sa in ji kunya."

Ta sauka a tasharsu tana ɗaga hannu. Kaneng ta bi ta da kallo ta taga har bas ya juya.

Ranar Talata laburaren ba kowa sai wani dattijo da ke zuwa don ɗumin hita da jaridar kyauta. Rabin littattafan da ke kan kantoci an kwashe su cikin kwalaye. Kaneng ta zauna bayan tebur da tsohon littafin rubutunta na uni, wanda ta ɗauko don ta duba wani abu game da kogin Nilu, ta ƙare a wani shafi dabam.

Labarin Sargon ne, sarkin Akkad, kamar yadda aka same shi a kan allunan yumɓu. Uwarsa ta haife shi a ɓoye. Ta saka shi cikin kwando, ta liƙe murfin da kwalta, ta ɗora a kan Yufiretis. Ruwa ya tafi da shi har wurin wani mai ban ruwa, Akki, wanda ya jefa guga ya tsamo yaro, ya rene shi ya koya masa aikin lambu. Ranar da malaminsu ya karanta musu wannan a aji, 'yan ajin sun yi ta gardama a kan wanne ya riga wanne, na Sargon ko na Musa. Kaneng ba ta sa baki ba. Abin da ta rubuta a gefen shafin, da ƙananan baƙaƙe, shi ne: a nan ba yaya.

Ba wanda ya tsaya kallon kwandon Sargon. Ibraniyawa ne, a labarin Musa, suka sa yarinya, yayarsa Maryamu, a cikin iwa, ciyawar bakin kogi, ƙafafunta cikin laka, tana bin kwando da ido. Ita ce ta fito ta yi wa 'yar Fir'auna magana, ita ta kawo uwar yaron a matsayin mai shayarwa. In ba don Maryamu ba da Musa ya tashi bai san ko shi wane ne ba. Sai ga shi bayan shekaru, a jeji, da ta tambaya ko ta bakin ƙanenta kaɗai Ubangiji yake magana, fatarta ta yi fari fat, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. A Sunday school an koya musu cewa hassada ce ta ja mata. Kaneng tun tana ƙarama take ganin tambayar ba ta da laifi.

Ta rubuta baiti na huɗu a zama ɗaya. Ya fito da kyau, ya fi sauran ukun. Ta karanta shi a zuci da muryar Celestina, ta ji inda za ta ja numfashi, inda matan London za su fara guɗa. Ta ji Scholastica tana cewa a makirfo, "Kai, Mrs Tomas!"

Sai ta yage wani shafi ta rubuta na biyu. Kari ɗaya, tsawo ɗaya, layin farko ma ɗaya. Amma a wannan mai ban ruwa ne ya jefa guga, kogin Yufiretis ne, yaron kuma ya tashi a lambun dabino.

Matan zumunta ba su yi uni ba, yawancinsu, amma nassi a bakinsu yake. Za su yafe wa mace murya mara daɗi, za su yafe mata zani a karkace. Kuskure a labarin annabi ba sa yafewa. Shekara shida da suka wuce wata mai ba da waƙa daga London ta saka Iliya a cikin kifi maimakon Yunusa. Har yau Madam Kifi ake ce mata, har a gaban surukanta, kuma ba ta sake riƙe makirfo ba.

Kaneng ta ninke takardun biyu, ta sa a aljihu dabam-dabam na jakarta. Ta gaya wa kanta cewa wasa ne kawai, irin na wanda ya gaji da zama. Asabar ta zo ta ce wa Mama saura gyara kaɗan. Mama ta yi tsaki ta ce, to, ai mai ba da waƙa ce kaɗai ke rera baiti, su amshi ne nasu, Celestina ta san yadda za ta yi da yayarta.

Ranar taro suka tashi daga Old Trafford da hantsi, a doguwar motar da suka yi haya, kuloli na shinkafa da gwate jere a tsakanin kujeru. Tomas ya biyo su a motarsa da jaririyar. Celestina daga aiki ta wuce kai tsaye, daga gidan kula da tsofaffi inda aka rage ma'aikata aka ƙara wa sauran awoyi. Idanunta sun yi ja. Ta faɗa kujerar kusa da Kaneng, ta cire takalmi.

"Yaya, baitina."

Kaneng ta buɗe jaka. Hannunta ya san wane aljihu ne wane. Ya tsaya a kan na farko, ya ɗan jima, ya wuce zuwa na biyu.

Celestina ta karɓa, ta duba layin farko kawai, ta rera shi ƙasa-ƙasa. "Kari ɗaya ne ai. Ina gani ina rerawa." Ta soke takardar a ƙugun zaninta. "Kin sa rigar. Kin yi kyau, wallahi." Kafin su hau babbar hanyar M6 ta yi barci, kanta a kafaɗar Kaneng, bakinta a ɗan buɗe kamar lokacin da suke yara.

Awa biyu Kaneng tana jin nauyin kan. Gefen takardar yana leƙowa daga ƙugun zanin. Da yatsa biyu za ta iya zare ta ta musanya. Ta dube ta a Stoke, ta sake dubanta a Stafford. A kujerar gaba wata tana cewa, "Bana ma Celestina za ta kashe su," wata ta amsa, "Baiwa ce, ba koyo ba." Kaneng ta juya fuskarta ga taga.

Zauren na wata coci ne da aka ara a Perry Barr, mai ƙamshin man goge katako. Mata sun fi ɗari biyu, kowace ƙungiya da launin zaninta. Kaneng ta zauna a layin baya tare da maza da masu riƙon jarirai. Matan Leeds suka yi waƙar Nuhu, na London suka yi ta Rut. Mutane suna fifita da programme, kamar yadda Celestina ta ce.

Scholastica, doguwa mai tabarau a goshi, ta kira Manchester. Shuɗin zane ya jeru. Mama Angelina ta zauna ta gyara tulu tsakanin ƙafafunta. Celestina ta karɓi makirfo, amma ba ta ɗaga hannu a fara ba.

"Iyayena, ku ba ni minti ɗaya. Akwai gyara a programme."

Zauren ya lafa.

"Bara kun ce waƙar Celestina. Ni ko wasiƙar likita, GP, sai an karanta mini sau biyu." Aka yi dariya. "Duk waƙar da kuka ji daga bakina, yayata ce ta tsara ta. Ita ta yi karatun, ita ta san labaran nan ciki da waje. Na roƙi Mama tun watan jiya ta bar ni in faɗa a nan, gaban kowa, ba a kicin ba. Kaneng Dung. Yaya, tashi su gan ki. Ga ta can, mai jar riga. Kunya gare ta, ku taya ni."

Kawuna ɗari biyu suka juyo. Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka karɓa. Tomas ya zungure ta da gwiwar hannu. Kaneng ta miƙe. Ta ji sunanta yana tafiya daga layi zuwa layi, Kaneng, 'yar Dung, wadda ta yi uni. Ta so ta ɗaga hannu, ta ce a dakata, ta ruga gaba da ɗaya takardar. Tsakaninta da dandamali kujeru ashirin ne da idanu. Ta zauna.

Tulu ya fara.

Baiti na farko, uwa tana saƙa kwando. Na biyu, tana liƙe shi. Na uku, yarinya ta shiga iwa, sauro na cizonta ba ta motsa ba. Kafin amshi na biyu zauren duka ya koya, har matan Leeds suna rangaji. Ruwa, ruwa, tafi a hankali. Muryar Celestina ta cika wurin har ba ta buƙatar makirfo.

Ta zaro takardar daga ƙugu, ta warware da hannu ɗaya.

"Rana ta ɗaga, kwando ya tsaya,
mai ban ruwa ya..."

Ta tsaya. Idanunta suka gangara zuwa ƙasan takardar, suka dawo sama. Tulu ya ci gaba shi kaɗai, bugu huɗu, bugu takwas. Mama Angelina ta ɗago kai. A layin gaba wata tsohuwa ta karkata kunne ta ce wa ta kusa da ita, "Mai me?"

Celestina ta dunƙule takardar a tafinta. Ta buɗe baki ta rera abin da ya zo mata:

"'Yar Fir'auna ta zo, ta zo wanka,
ta ga kwando, ta ce a kawo,
ta ga yaro, yaro na kuka,
ta ɗauke shi, ta ɗauke shi."

Kalmomin ba su cika karin ba. Ta ja wasu, ta haɗiye wasu, muryarta ta karye a layi na uku. Masu amshi suka shigo a makare, rabi kafin rabi. Aka kai ƙarshe dai. Aka tafa, irin tafin da ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe bai faɗi ba.

Lokacin abinci aka kewaye Kaneng. Hannaye suna kama nata, ana tambayarta 'yar wace unguwa ce a Jos, ana cewa akwai wani ɗan'uwa injiniya a Coventry. Wata ta cika mata faranti ba ta tambaye ta ba. Daga bayanta ta ji muryar Mama Angelina, wadda ba ta iya raɗa ba.

"Kin ga abin da nake faɗa? Ba practice, sai barci a mota. Yarinya ta ba ki waƙa kamar zinariya, kin kai ta bakin gaɓa kin kifar."

"Ku yi haƙuri, Mama," in ji Celestina. "Idona ne. Layukan suka haɗe mini."

Ta zo ta tsaya kusa da Kaneng, riƙe da 'yarta. Ta sunkuyo, ta yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Yaya, kin ba ni wata takarda dabam, ina jin ta makarantarku ce. Wani mai guga. Kada ki damu, ba wanda ya ji. Allah ya rufa mana asiri, da yau sun sa miki suna."

Har da ɗan murmushi ta faɗa. Kaneng ta dubi farantinta.

Scholastica ta ratso taron, tabarau yanzu a kan hanci, biro a hannu.

"Ina marubuciyar? Yauwa. 'Yata, an cuce mu, ba mu ji na huɗu ba. Ƙanwarki ta cinye shi. Kina da shi a nan? Karanta mana, zan sa a newsletter da sunanki a sama."

"A karanta! A karanta!" in ji matan.

Kaneng tana iya cewa ta bar shi a gida. Tana iya cewa ba ta gama ba. Matan sun yi shiru suna jiranta, ita, ba wanda ke kallon wani wuri. Ba a taɓa yi mata irin wannan shirun ba. Ta ajiye farantin, ta buɗe jaka, ta sa hannu a aljihun farko. Takardar a ninke take tsaf.

"Rana ta ɗaga, kwando ya tsaya,
gimbiya ta ji kuka ta kasa wanka.
Wa ke nan tafe, laka har gwiwa?
Ni ce, ranki ya daɗe, na san mai nono."

Guɗa ta tashi. Scholastica ta dafa ƙirji. Mama Angelina ta ce, "Kun ji ko? Kun ji abin da aka ɓata mana?" Wata ta ce a maimaita don ta ɗauka a waya.

Kaneng ta ɗaga ido daga takardar. Celestina tana kallon jakar, aljihun da ke buɗe da wanda ke kusa da shi. Sannan ta dubi takardar, layin farko iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, tawada iri ɗaya. Daga nan ta dubi yayarta. Ba fushi a fuskar. Kamar tana lissafin kwanaki ne, daga Talata zuwa Asabar, daga Manchester zuwa nan.

"Sake karantawa, 'yata, a hankali," in ji Scholastica, ta ɗora biro a kan takarda. "Kaneng da K ne ko?"

Kaneng ta fara layin farko. Ta saman kawunan matan ta ga Celestina ta gyara wa 'yarta zama a kafaɗa, ta ɗauki kwat ɗinta daga bayan kujera, ta taɓa hannun Tomas. Shi ya waiwayo yana neman bayani, bakinsa da nama. Ita ba ta waiwayo ba. Ta bi ta gefen kuloli, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta riƙe ta da ƙafa don kada ta yi ƙara, ta fita.